Ji-Nesa a Gaban Labule

Yayana ya yi shekara goma sha tara a gidan rediyo. Haka yake faɗa wa kowa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da yake tsallakewa shi ne a sito ya yi su, yana ba da batir yana karɓar waya, tsakaninsa da ɗakin watsa shirye-shirye hawa biyu ne da ƙofar ƙarfe. Duk da haka ya fito da imanin cewa Allah ya yi masa kunnen da ba a yi wa kowa ba, har ya raɗa wa kansa suna Ji-Nesa. Mutumin da sai na kira shi sau uku kafin ya waiwayo.

Shekara biyu ke nan da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Ni ce autarmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, don haka zaman nan nasa ya fi ci mini rai fiye da kowa, ko da yake bakinsa bai taɓa yin hutu tare da shi ba.

Maigidana likitan haƙori ne, mutum mai haƙuri har ya yi yawa. Wata rana ya ce yana son lasifikar falo ta gaske, irin wadda in ka rufe ido sai ka ɗauka mawaƙin na gabanka. Kuskurensa ɗaya, a gaban Yaya ya faɗa. Washegari suka tafi shagon sayar da lasifika tare, Yaya ya yi awa biyu yana koya wa mai shago sana'arsa. Aka tace aka tace, zaɓi ya tsaya kan iri biyu: wasu baƙaƙe guda biyu masu tsayin mutum, kuɗinsu ya isa sayen mota, da wasu ƙanana biyu masu launin katako da ake ɗorawa a kan ƙafar ƙarfe.

Ashe mai shagon yana neman wanda zai zauna a ɗakin sauraro yana ba masu saye shawara. Ya ce zai kawo duka huɗun gidanmu ranar Asabar a gwada, sannan ya dubi Yaya ya ce, "In ka bambance su ba tare da ka gan su ba, kujerar taka ce daga Litinin."

Kafin Juma'a babu wanda bai ji Yaya ya samu aiki ba, har mai gadin benenmu. Ya kuma ɗinka sabuwar riga.

Asabar da hantsi motar shago ta iso. A hawa na biyu muke. Leburori biyu suka ɗauko baƙar lasifika ɗaya, Yaya ya tare su a gindin matakala.

"Ku ajiye! Haka ake ɗaukar lasifika? Buhun siminti kuka samu? In kuka girgiza ta, sai ta yi sati muryarta ba ta dawo ba."

"To yallaɓai, ya za mu yi?"

"Ku riƙe sama, ni zan riƙe ƙasa. Ƙasan nan sai wanda ya sani."

Abin da wanda ya sani bai sani ba shi ne, irin waɗannan lasifikoki a kan ƙusoshi huɗu masu tsini suke tsayawa. A kwana ta farko nauyi ya rinjaye shi, ya dire ta a kan ƙafarsa. Ihun da ya yi, ko ba lasifika an ji shi a titi. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, Maman 'Yan Biyu, ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu.

"Lafiya? Wa aka yanka?"

"Ba kowa," in ji Yaya, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. "Ina gwada amon matakalar ne."

"To ya amon?"

"Ba laifi."

"Sannu. Ga takalminka can ya huje, shi ma ka gwada shi."

Da kayan suka shigo falo sai ya hau gyaran ɗaki. Ya bi kusurwa-kusurwa yana tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai, ya girgiza shi kamar likitan da ya ga ciwon da ya gagara. Ya ce falona yana mayar da magana. Aka fitar da kabad ɗin gilashina, aka cire hotunan bango, aka jingine katifar ɗakin baƙi a bango ɗaya, bargunan gidan duka aka rataya a ɗayan. Agogon bango ma bai tsira ba, wai ƙas-ƙas ɗinsa yana cin muryar mawaƙi.

"Auta, me ke gurnani a can?"

"Firji ne, Yaya."

"Kashe shi."

"Akwai kifi a ciki."

"Kifi ya fi aikina?"

Na kashe. Fanka ma aka kashe, aka rufe tagogi, da rana tsaka. Ya karɓi tef ɗin ɗinkina ya auna daga lasifika zuwa lasifika, daga kowace zuwa kujera ɗaya tilo da ya dasa a tsakiya. Ya ce nan kaɗai sauti ke haɗuwa, duk wanda ya zauna a wani wuri zaman banza yake yi. Shi ya zauna a kai. Mai sayen lasifikar kuwa, maigidana, aka ba shi kujerar roba a bakin ƙofar kicin, ya karɓa har da godiya.

Ana haka maƙwabcinmu na gefe ya shigo. Tsohon malamin kimiyya ne, Ticha muke ce masa, siririn mutum mai magana a hankali. Bayansa mai shago ya iso da kansa. Aka sa waƙa ɗaya, wata mata ce da jita da ɗan kiɗa a ƙasa.

Yaya ya fara jona manyan a jikin amfilifaya, na'urar da ke tura wa lasifika sauti, ya murɗa ƙara har barguna suka motsa. Ya lumshe ido.

"Kun ji? Kun ji numfashinta? Ga ta nan tsaye, ɗan dama da teburin nan. Har zoben hannun mai jitar ina ji."

Sai ya cire wayoyin ya jona ƙananan, ya rage ƙarar, ya taɓe baki.

"Gwangwani. Matar ta koma cikin banɗaki ta rufo ƙofa."

Ticha ya yi gyaran murya. "Malam Ji-Nesa, gafara dai. Na ga manyan ka kai ƙararsu goma sha biyu, waɗannan kuma takwas."

"To? Babba da yaro ɗaya ne?"

"Ai kunne ragon alƙali ne. Wanda ya fi ƙara shi yake ba gaskiya, ko da kaɗan ne. In ana son adalci, sai a daidaita ƙarar su biyun, kuma kada mai hukunci ya ga wanda ke yi."

"Ticha, da kake koyar da yara yadda ruwa ke tafasa, ni ina gidan rediyo."

"Haka ne. A wane ɓangare?"

Maigidana ya yi tari, ya ce ko a kawo ruwa.

Yaya ya sake jona manyan don ya rufe bakin Ticha, ya kai ƙarar inda ba a taɓa kaiwa ba. Sai muka ji dum, dum, dum daga ƙarƙashin ƙafarmu.

"Kun ji wannan?" Yaya ya ɗaga yatsa. "Wannan shi ne kaurin da ƙananan ba za su taɓa fitarwa ba. A tafin ƙafa ake jin sa."

"Yaya," na ce, "Maman 'Yan Biyu ce ke buga silin ɗinta da sanda."

Minti biyu sai ga ta, sandar a hannu.

"Likita, in rushe ginin za ku yi ku faɗa mana mu kwashe yara. Kofunana suna tafiya a kan tebur da ƙafarsu."

Aka ba ta haƙuri, aka yi mata bayani. Da ta ji gwajin kunnen Yaya za a yi, ta ce ai ba ta ga ta tafiya ba, ta leƙa matakala ta kira mijinta. Mijin ya zo da abokinsa, mai gadi ya biyo su, leburorin shago suka jingina da ƙofa. Falon da babu fanka babu taga ya cika, katifa na neman faɗowa kan mutane.

Mai shago ya ce to a yi abin da ya kawo shi. Aka tsara: za a ja igiya a rataya babban labule, lasifikoki huɗu da Ticha a baya. Waya biyu ce daga amfilifaya, Ticha zai riƙa ciro su daga bayan waɗannan yana mayarwa bayan waɗancan yadda ya ga dama. Ya riga ya auna ƙarar kowanne da wayar hannunsa, ya sa alama da biro a inda suke daidai. Sau goma za a sa waƙar, kowane karo Yaya ya faɗi wanda ya yi, mai shago ya rubuta. Sai an gama za a ji amsa.

"Tsaya," in ji Yaya. "Kada gobe a ce na zalunci ƙananan. Auta, ba ni filaya."

Ya mayar da wayoyin bayan ƙananan da hannunsa. A bayan kowace lasifika akwai noti biyu da ake ɗaure waya, da yatsa ake murɗa su. Yaya ya sa musu filaya ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi.

Mai shago ya ce, "Malam, a hankali, ba tayar mota ba ce."

"Sauti ta nan yake zuba in ba a matse ba. Wannan sirri ne, ba a makaranta ake koyar da shi ba."

Sannan ya juyo ya kafa doka. Daga lokacin da labule ya rufu, babu magana, babu tari, babu motsin kujera. Duk wanda ya yi, waje. "Musamman na bayan labule," ya ce, "don murya tana ba da satar amsa. Ba na son a ce taimaka mini aka yi."

Aka ja labule. Waƙa ta tashi.

"Ƙananan," in ji Yaya tun matar ba ta buɗe baki ba. "Ko a mafarki."

Waƙar ta tsaya. Muka ji motsi a bayan labule, da nishi, da wani ɗan ƙarar ƙarfe. Aka daɗe. Sai muryar Ticha:

"Malam, wani abu ne..."

"Shiru!"

"A'a, wayar ce..."

"Ticha, doka ce. Ka ƙara kalma ɗaya ka fita."

Can waƙa ta sake tashi. Yaya ya jingina baya, murmushi ya cika masa fuska.

"Yauwa. Manyan sun shigo. Kun ga yadda ɗakin ya buɗe? Rubuta, mai shago."

Na uku ya ce manyan ne. Na huɗu ya toshe hanci ya ce ƙananan, wai jitar ta zama ta roba. Kafin na biyar hannun Ticha ya leƙo ta gefen labule yana yi mini alama, yana buɗe yatsu yana matsewa. Na yunƙura, Yaya ya harare ni.

"Auta, in kika tashi ba ni ba ke."

Na koma na zauna. Hannun ya ɗan jira, ya janye.

Zufa ta jiƙe sabuwar rigar Yaya, amma bakin sai ƙara kaifi yake. Na biyar ya ce manyan ne, har ya gane mawaƙiyar ta yi mura kwana biyu kafin a naɗi waƙar. Maman 'Yan Biyu ta danne baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na shida ya miƙe tsaye don takaici.

"Ƙananan! Likita, in wannan ka saya, na daina zuwa gidanka. Rediyon mai gyaran takalmi ya fi wannan."

Sai na bakwai. Matar ta ja wata doguwar murya, Yaya ya dafe ƙirji. Na zaci wasan nasa ne, sai na ga hawaye na gangaro masa, na gaske, har gemu. Ya bari waƙar ta kai ƙarshe, abin da bai yi wa sauran ba.

"Wannan manyan ne," ya ce. "Likita, wannan za ka saya. Rubuta na bakwai, ka ja masa layi. Duk wanda bai ji bambancin na shida da na bakwai ba, ya je a wanke masa kunne da sabulu. Tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne."

Maigidana ya gyaɗa kai, don shi duk abin da Yaya ya faɗa da ƙarfi yarda yake yi. Mai shago ma ya ji daɗi, ana gani a fuskarsa, don cinikin manyan ya fara yi masa ƙamshi. Na takwas da na tara manya, na goma ƙanana. Shida da huɗu ke nan.

Yaya ya share fuska, ya gyara wuyan riga, ya juya ya fuskanci jama'a.

"To, a buɗe. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ticha, karanto amsarka su ji."

Mai gadi ya ja labule.

Ticha na zaune a ƙasa, ya jiƙe sharkaf, yana hura yatsunsa da suka yi ja. Baƙaƙen lasifikokin nan na tsaye a bayansa tsirara, ko zare babu a jikinsu. Wayoyin biyu suna nan inda Yaya ya ɗaure su.

"Ina takardar amsar?" in ji mai shago.

"Babu takarda. Amsa ɗaya ce. Ƙananan, sau goma."

Duk idanu suka koma kan Yaya.

"Notin sun ƙi kwancewa," Ticha ya ci gaba a hankali. "Na gwada da yatsa, na gwada da gefen riga, na gwada da makulli. Na so in faɗa, aka ce in fita. Na nemi filaya, aka hana a ba ni. Sai na ga tunda hukunci ake so, bari in riƙa danna waƙar. Ko ƙarar ban taɓa ba."

"Ƙarya ne!" in ji Yaya. "Na bakwai fa?"

"Shi ne na shida."

"Na shida rediyon mai gyaran takalmi ne!"

"To shi ne ya sa ka kuka."

Maman 'Yan Biyu ce ta fara fashewa, har sandarta ta faɗi. Mijinta ya bi, leburori suka fita matakala don su samu filin dariya. Yaya ya ruga bayan ƙananan ya kama notin da yatsa don ya nuna wa duniya suna kwancewa. Ya murɗa, ya ciji leɓe, ya murɗa. Ko gezau. Ya ja da ƙarfi, gwiwar hannunsa ta bugi katifa, katifa ta kwanta a kansa a hankali, ta rufe shi ruf, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Kada ku ɗaga," in ji Maman 'Yan Biyu tana share hawaye. "Ƙila amonta yake gwadawa."

Da aka zaro shi, bai rasa ta cewa ba. Wutar lantarki ce ke hawa da sauka. Zafin ɗaki ne ya buɗe muryar lasifikar a hankali. Mutane sun yi yawa, jikinsu na shanye sauti, musamman masu ƙiba.

"Sauti na ke shanyewa a na shida in mayar a na bakwai?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Ashe ni ma aikin shagon zan nema."

Maigidana ya taso daga kujerar robarsa, karo na farko tun safe. Shi ba ya iya zolaya, abin da ya sa maganarsa ta fi zafi ke nan.

"Yaya ya ce in sayi na bakwai," ya ce wa mai shago. "Ban taɓa ƙin shawararsa ba. Ƙananan zan ɗauka."

Fuskar mai shago ta sauka. Ya dubi manyan da ya sha wahalar kawowa, ya dubi notin da haƙoran filaya suka ci, ya dubi takardar hannunsa mai layi a ƙarƙashin bakwai. Ya linke ta biyu ya sa a aljihu.

"Malam," ya ce, "huɗu ka ci cikin goma. Mai gadin nan in ya rufe ido ya yi ta cewa ƙananan, da goma zai ci. Litinin ba sai ka wahalar da kanka ba."

"A sake gwaji. Yanzu na gane inda..."

"Gani ya kori ji," in ji mai shago, ya kira leburorinsa.

Aka fita da manyan. Jama'a suka bi su, kowa na ɗauke da nasa guntun labarin zuwa hawansa. Maigidana ya raka Ticha ya duba masa yatsu. Na buɗe tagogi, na kunna fanka, na je na leƙa firji, kifina ya riga ya saki ruwa. Na dawo da niyyar in faɗa wa Yaya duk abin da na tara tun safe, kuma na tara da yawa.

Yana zaune a kujerar nan ta tsakiya, hannuwa a kan gwiwa, sabuwar rigar ta manne masa a baya. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba. Daga matakala ana jiyo Maman 'Yan Biyu tana kwaikwayon "rubuta na bakwai," benen duka na amsa mata.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ke kina zaune kusa da ni. Tsakani da Allah, na shida da na bakwai, ba ki ji wani bambanci ba?"

"Ban ji ba, Yaya."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya daɗe yana kallon ƙananan lasifikokin, sannan ya ce a hankali, ba da muryar da yake yi wa jama'a ba:

"To ni wallahi na ji."

Kuma na san ya ji ɗin. Da ƙarya ya yi, da na yi dariyata na huta kamar kowa. Sai na tsinci kaina na je na rufe ƙofar matakala, don kada ya ji abin da ake faɗa a ƙasa.